Su wa ke zaune a Yelwan Yauri? Nazari kan ƙabilun garin da yadda lissafinsu ya rikice

Duk lokacin da zaɓe ya matso, ko aka ji ƙishin-ƙishin za a ɗauki ma'aikata a ƙaramar hukuma, gardama ɗaya ce ke tashi a Yelwa, wai su wa suka fi yawa a garin nan kuma su wa ke da shi tun asali. A majalisar masu shayi ake farawa, daga nan ta koma guruf-guruf na WhatsApp, wani ya ce Hausawa ne kashi kaza, wani ya ce ina, ai Gungawa ne suka fi kowa in za a bi jini, wani kuma ya kawo wasu lambobi da ya kwaso a intanet ya ce ga hujja. Abin da ke damuna shi ne duk masu kawo kashi-kashin nan babu wanda zai iya nuna maka inda aka ƙirga, domin ba a taɓa yin irin wannan ƙirgar ba a zamaninmu. Shi ya sa na ga ya kamata a zauna a bi lamarin Yelwa daki-daki, a ga me ya haɗa mutanen garin, me ya canza su, kuma me ya sa tambayar da ake gani mai sauƙi take da wuyar amsawa haka.

Ga wanda bai san wurin ba, Yelwa ita ce hedikwatar masarautar Yauri, ɗaya daga cikin masarautu huɗu na jihar Kebbi tare da Gwandu da Argungu da Zuru. Tana bakin kogin Kwara ta kudancin jiha, daidai inda ruwan tafkin Kainji ke ƙarewa ta arewa, kuma babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Jega da Koko ya ratsa ta ya wuce Kwantagora har kudu. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Yauri da Ngaski da Shanga. Ita ƙaramar hukumar Yauri mazaɓu 10 gare ta, biyar a cikin Yelwa, sauran su ne Gungun Sarki da Zamare da Tondi da Jijima da Chulu/Koma. A ƙidayar 2006 an samu mutum wajen dubu 100 a ƙaramar hukumar, yanzu kam kowa ya san an wuce haka nesa ba kusa ba.

To amma ƙidayar 2006 ɗin ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba, haka ma ta 1991. Da gangan aka cire tambayoyin saboda rigimar da lambobi suka sha jawowa a ƙasar nan, ta 1963 an yi ta faɗa a kanta har kotu, ta 1973 kuwa soke ta aka yi gaba ɗaya. Ita ta 1963 ɗin ce ta ƙarshe da aka fitar da yawan ƙabilu a cikinta, kuma ku lura an yi ta ne tun kafin a datse Kwara a Kainji, wato kafin abin da ya fi komi juya zaman mutanen Yauri ya faru. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 aka ɗage, ita ma hukumar ƙidaya ta ce babu ƙabila babu addini a cikin tambayoyinta. Kenan duk wanda ya ce maka Hausawa kashi 60 ne ko Gungawa kashi 30 a Yelwa, ƙiyasinsa ne kawai, ko ƙiyasin wani da ya kwafa.

Mutanen ruwa da mutanen tudu

In za a fara da waɗanda kowa ya yarda tsofaffin wurin ne, da Gungawa za a fara. Su a bakinsu Reshe suke kiran kansu, harshensu Tsureshe, kuma a tsibiran da ke cikin Kwara da gaɓarta suka zauna tun kaka da kakanni. Mutane na yawan ɗauka masunta ne zalla, alhali manoma ne na gaske, su ne suka san noman albasa a fadamun tsibiri bayan ruwa ya ja, ga gero da dawa da shinkafa, ga sassaƙar jirgi da tuƙi, ga kokawa wadda har yau in ana maganarta a yankin sai an ambace su. Bikin Rigata da ake yi a Yauri yanzu, wanda manyan baƙi ke zuwa kallo, tushensa na mutanen ruwan nan ne da jarumtarsu ta farautar dorina.

Bayan su akwai Kambari, waɗanda suka fi yawa ta wajen Ngaski da Wara har cikin jihar Neja, kuma su kansu ba abu ɗaya ba ne, akwai Akimba da Avadi da Ashingini da sauransu, harsunansu 'yan uwan juna ne amma ba lallai wannan ya ji na wancan sarai ba. Akwai Dukkawa ta gabas wajen iyaka da Rijau da ƙasar Zuru. Akwai Shangawa ta arewa, akwai Lopawa da Larawa a bakin ruwa ta kudu, ƙananan al'ummu ne da yaran yanzu da yawa a cikin Yelwa ko sunansu ba su taɓa ji ba. Masana harshe sun sa Tsureshe da harsunan Kambari da Dukkanci da Lopa da Laru duk a gida ɗaya da suke kira harsunan Kainji, shi kuwa Shanganci dangin Mande ne, ɗan uwan Busanci da Kyanganci, gidansa daban da na maƙwabtansa. A ɗan wannan yanki kaɗai kenan akwai gidajen harshe daban-daban, tun kafin ma a sa Hausa da Fulatanci a lissafi.

Hausawa kuma ba jiya suka zo ba, wannan dole a faɗa don masu cewa baƙi ne. Yauri na kan tsohuwar hanyar fatauci da ta taso daga Kano da Katsina ta ƙetare Kwara zuwa Gwanja inda ake sayo goro, fatake na yada zango, wasu su yi aure su zauna, malamai su biyo su. Sarautar Yauri kanta da harshen Hausa da tsarin sarautun Hausa ta yi mulki ɗaruruwan shekaru, tun tana Birnin Yauri, kuma a tsohon lissafin nan na ƙasashen Hausa ana ambaton Yauri tare da Kabi da Zamfara da Nufe. Lokacin jihadi Yauri ba a kafa mata tutar Fulani ba, amana ta yi da Gwandu gidan sarautar ya ci gaba da riƙe ƙasarsa. Ƙarni na 19 ya zo da yaƙin cikin gida da hare-haren Nagwamatse na Kwantagora waɗanda suka tarwatsa garuruwan Kambari da yawa, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya maido da fada Yelwa. Don haka Yelwa a matsayin birnin sarauta ba ta kai shekara 150 ba, kuma tun farkonta garin haɗuwa ce, fada da kasuwa da mashigin jirgi, kowa daga wani wuri ya taho. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan ƙasar Ngaski wanda ya shugabanci jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya yi bincike sosai kan wannan tarihi, shi ma Sarkin Yauri na yanzu Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi da ya hau a 1999 ya taɓa riƙe wannan jami'a.

Abin da Kainji ta yi

Anan ne nake so a tsaya sosai, domin wanda bai fahimci dam ɗin Kainji ba ba zai fahimci Yelwa ta yau ba. An fara ginin a 1964 aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane sama da 40,000. Kaso mai yawa na waɗanda aka tasa ta ɓangaren Yauri Gungawa ne da Kambari da Lopawa da Larawa. Gwamnati ta gina masu sababbin ƙauyuka a tudu, gidajen siminti masu rufi kamar baka waɗanda har yau za ka ga ragowarsu, wasu an gyara wasu sun tsattsage. A takarda an sake masu matsuguni, an ba su gida, shi ke nan magana ta ƙare. A zahiri kuwa an raba su da abin da ke riƙe da su ne.

Ku duba, tsibiri ba wurin kwana ne kawai ba. Ruwan da ya kewaye shi ya sa baƙo ba ya shigowa sai da dalili, yaro na tashi ba ya jin wani harshe sai na uwarsa har ya girma, aure na yawan kasancewa tsakanin gida da gida, wuraren al'ada da kaburburan kakanni suna nan kusa, noman albasa kuma ya dogara da hawa da saukar ruwan da tsofaffi suka san lokacinsa. Da aka hau tudu duk wannan ya warware lokaci guda. Ƙauyen da da sai da jirgi ake zuwansa yanzu ga shi bakin hanya, ɗan kasuwa ya shigo, malami ya shigo, makarantar boko ta zo da malaman da Hausa suke yi wa yara bayani, gonar tudu ba ta ba da abin da fadamar tsibiri ke bayarwa ba sai samari suka fara gangarowa Yelwa neman na kansu, dako a kasuwa, tuƙin jirgi, daga baya acaɓa. Wallahi ni ina ganin a cikin shekara 20 da suka biyo bayan dam ɗin an yi canjin da da sai a yi shekara 100 ba a yi shi ba. Kuma abin takaici wutar da aka tashe su dominta ba su ne suka fara morarta ba, sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar HYPPADEC don yankunan da ke samar da wutar ruwa, ita ma ta ɗauki shekaru kafin ta fara aiki.

Ruwan da ya kori wasu shi ya jawo wasu. Da tafki ya cika kifi ya yi yawa a shekarun farko, masunta suka yi ta tururuwa. Sarkawa, waɗanda sana'arsu kenan tun asali kuma Hausa suke yi duk da ana danganta tushensu da masuntan Songhai, suka gangaro daga ƙasar Kabi. Nufawa suka hauro daga kudu da jiragensu, Zabarmawa da mutanen Mali suka biyo kogi, har masunta daga can yankin Neja Delta sun zo. Kifi kuma sai da mai saye, nan Yarbawa da Ibo suka shigo, kasuwar kifin Yauri ta zama wurin da ake loda bandar tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa zuwa Ibadan da Legas da Anaca, albasa ma haka. Wasu fatake ne masu zuwa su koma, amma da yawa sun kama haya, daga haya suka sayi fili, suka buɗe shagon kayan gyaran mota da kemis da gidan burodi da ɗinki. Yau akwai Bayarabe a Yelwa da kakansa ne ya zo, shi nan aka haife shi nan aka haifi 'ya'yansa, in yana Hausa a bayan labule ba za ka taɓa cewa ba ɗan gari ba ne. Ga Fulani a rugage kewaye da gari da na cikin gari, ga Dakarkari daga Zuru da aikin gwamnati da koyarwa da aikin ɗamara suka kawo, ga masu haƙar zinari da ke zuwa daga ko'ina saboda ƙasar Yauri da zinari tun zamanin Turawa.

Yadda mutum ke zama Bahaushe

In ka shiga Yelwa yau ka yi yawo daga tasha zuwa kasuwa zuwa bakin ruwa, kunnenka zai ce maka garin Hausawa ne kusan zalla. Nan ne kuskuren yake. Hausa ita ce harshen ciniki da wa'azi da kotu da filin ƙwallo, kowa na yinta, amma da yawa daga masu yinta in ka tambaye su wace ce kakarku za su ce Bagungiya ce, ko Bakambara, ko daga Shanga aka auro ta. Gungawa da Kambarin ba ƙaura suka yi suka bar ƙasar ba, suna nan, sunan ne ya canza a kansu. Wani masani ɗan Amurka, Frank Salamone, ya zauna Yauri a farkon shekarun 1970 ya yi rubutu kan wannan abu, yadda Bagunge ke musulunta, ya koma Hausa, ya canza sutura da tsarin aure, a hankali a daina kiransa Bagunge a ce Bayaure ne, 'ya'yansa kuma su tashi Hausawa. Abin da ya gani shekara 50 da suka wuce bai tsaya ba, gudu ma ya ƙara.

Yadda abin ke tafiya a gida ɗaya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Kaka tana jin Tsureshe tsantsa, Hausarta ma da ɗan karkacewa. 'Ya'yanta suna jin biyun, da ita su yi yare, a waje su yi Hausa. Jikoki suna gane abin da take faɗa amma da Hausa suke mayar mata, ta ce masu abu da yare su ce "to Kaka mun ji", in ta matsa sai su yi dariya su gudu. Tattaɓa-kunne kuwa ko gaisuwa ba su iya ba. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a bar harshen, abubuwa ne ƙanana ke taruwa. Yaro ya je makaranta ya yi yare an yi masa dariya an ce baƙauye, ya dawo gida ya rufe bakinsa. Saurayi ya je neman aure cikin gari ya ga in ya ce shi Bakambare ne za a fara tambayar ko iyayensa na salla, sai ya ce shi ɗan Yauri ne kawai. Uwa Bagungiya ta auri Bahaushe, 'ya'ya na bin uba a wurinmu, to an gama, duk su bakwai ko takwas sun shiga lissafin Hausawa ita kaɗai ta rage a nata.

Akwai wani abu da ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya a kai, shi ne yadda aka haɗa musulunci da zama Bahaushe kamar abu ɗaya ne. A ƙauyuka da yawa in mutum ya musulunta sai a ce ya zama Bahaushe, shi ma sai ya ji kamar yarensa na cikin abin da ya bari a baya tare da tsafi da giya. Wannan ba koyarwar addini ba ce, Alƙur'ani da kansa ya ce an yi mu al'ummu da ƙabilu don mu san juna, kuma ya lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah. Banufe musulmi ne da Nufancinsa, Babarbare haka, Bayarabe haka, ban ga dalilin da zai sa Bagunge sai ya ajiye nasa ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma mishan sun shiga cikin Kambari da Dukkawa da wasu Gungawa, akwai kiristoci 'yan asalin ƙasar da ba daga kudu suka zo ba, amma su ma a coci yawanci da Hausa ake wa'azi da waƙa, don haka ta nan ma Hausar ce ke ci. Shi ya sa mai ƙirga ƙabila ta hanyar leƙa masallaci da coci shi ma ya ɓata, zai sa Bakambare kirista cikin baƙi, ya sa Bakambare musulmi cikin Hausawa, alhali ƙila wa da ƙane ne.

Na Shangawa ya fi ba ni tausayi. Ƙaramar hukuma guda ce ke ɗauke da sunansu, amma masu iya Shanganci yanzu sun koma 'yan ƙauyuka ƙalilan a bakin kogi, mafi yawan masu cewa su Shangawa ne Hausa kaɗai suke ji. Lopa da Laru ma suna kan wannan hanya. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin, tsarin da aka soke a 2025, amma a ƙasar Yauri ko da an aiwatar da shi, da harshen wuri Hausa zai zama, don babu isassun littattafai da malaman da aka horar da waɗancan.

Takardar indijin

Da a ce maganar ta tsaya a tarihi da harshe da ba za ta yi zafi haka ba. Abin da ke hura ta shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke cewa indijin. Ba ka shiga soja ko ɗan sanda ko kwastan sai da ita, ba ka samun sikolashif na jiha sai da ita, gurbin karatu da aikin gwamnatin tarayya duk ana tambaya, saboda tsarin mulkin 1999 ya tanadi raba daidai tsakanin jihohi kuma akwai hukumar da aka kafa tun 1996 don sa ido a kai. Shi tsarin mulkin a sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito, amma kuma bai fayyace sarai wane ne ɗan asali ba, sai aka bar abin a hannun mai unguwa da hakimi da sakatariya. Su kuma da me za su auna? Da ido da kunne da sanayya.

Sakamakon shi ne wanda ubansa ya zo daga Sakkwato ko Katsina shekara 30 da suka wuce, sunansa da harshensa da addininsa sun yi daidai da na gari, yawanci ba ya shan wahala. Wanda kakansa ya zo daga Ogbomosho ko Bida tun kafin a gina dam, ya biya haraji a nan ya binne iyayensa a nan, shi za a ce ya koma garinsu ya karɓo, garin da ƙila sau ɗaya ya taɓa zuwa biki, can ma in ya je su ce ba su san shi ba. Shi kuma ɗan ƙauyen da aka tasa daga tsibiri, wanda babu mai tantama kan asalinsa, takardar ba ta yi masa wuya amma bai yi karatun da zai yi amfani da ita ba, don haka gurbin da aka ce na 'yan asali ne yakan ƙare a hannun 'yan cikin gari masu hanya. Ni a ganina wannan shi ne ainihin rashin adalcin da ke cikin lamarin, kuma ya fi gardamar kashi nawa muhimmanci nesa. Lokacin siyasa sai ka ga ɗan takaran da bai iya gaisuwa da yaren kakarsa ba ya tuna shi Bagunge ne in zai shiga Gungun Sarki ko Zamare, in ya dawo cikin Yelwa ya koma ɗan gari, kuma ban ce ƙarya yake ba, duka biyun nasa ne, abin da nake ƙi shi ne a tuna da mutanen ruwa ranar ƙuri'a kaɗai.

Wasu na cewa maganin abin shi ne a maido da tambayar ƙabila cikin ƙidaya kowa ya san matsayinsa. Na fahimci dalilinsu, musamman ƙananan ƙabilu da ke jin an shafe su, amma ban yarda zai warware na Yelwa ba. Me mutumin da ubansa Basarke ne daga cikin Sarkawa masunta, uwarsa Bagungiya, matarsa Bafulatana zai rubuta wa 'ya'yansa? In an ba shi akwati ɗaya zai ce Hausa, kuma lambar da za ta fito za ta nuna Gungawa sun kusa ƙarewa alhali jininsu na cikin rabin gidajen unguwarsu, daga nan wani ya ɗauki lambar ya ce to ai ba ku da yawan da za a ba ku kansila. Tambayar da ta fi amfani ita ce ta harshe, wane harshe ake yi a gidan nan, wane harshe iyayenka suka yi, wannan zai nuna inda Tsureshe da Shanganci da Lopa ke raye da inda suka mutu ba tare da an tilasta wa kowa zaɓar ɓangare ba. Kuma wannan ba sai an jira Abuja ba, masarauta da hakimanta da malaman makarantun yankin da ɗaliban jami'a 'yan ƙasar za su iya yi unguwa-unguwa, su haɗa da ɗaukar muryar tsofaffin da suka rayu a tsibiran kafin 1968, waɗanda yanzu mafi ƙanƙantarsu da ke iya tuna wani abu ya haura 60. Waya kawai ake buƙata da mai haƙurin zama ya saurara, sunayen tsibiran da ruwa ya cinye, gidan wa ke kusa da gidan wa, waƙoƙin kokawa da na tuƙi, wa ya koma ina bayan tashi.

Sannan ga wani sabon zubi da ke shigowa yanzu wanda shi ma babu mai rubutawa. Tun da matsalar 'yan bindiga ta tsananta a Zamfara da ƙasar Zuru da arewacin Neja, mutane ke gudowa garuruwan da ke kan titi, kuma ƙasar Yauri kanta ba ta tsira ba, kowa na tuna ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri da aka sace a watan Yunin 2021, da hare-haren da aka sha kai wa ƙauyukan Shanga da Ngaski. Waɗanda suka gudo akwai Zamfarawa, akwai Dakarkari da Dukkawa da Kambari, akwai Fulanin da aka kwashe masu shanu, wasu suna raɓe gidan dangi, wasu a kango, wasu sun fara sayen 'yan filaye a bayan gari suna kafa ɗaki ɗaya-ɗaya. Da yawansu sun ce in an samu lafiya za su koma, amma gonakin da suka bari wasu shekara huɗu biyar ba a shiga ba, yaran da suka zo da su a goye sun shiga firamare a Yelwa, kuma nan da shekara 15 su ne za su tsaya layi a sakatariya suna neman a sa masu hannu a takardar indijin.